Nauyin Hayaƙi

Guduma ta riga ta tashi sama lokacin da Mai Fanka ta zauna daram a kan injin.

"Sauke ta a kaina," ta ce da mutumin da ke riƙe da gudumar. "In ya so sai ka duba ko akwai jan ƙarfe a cikina."

Mutumin ya yi turus, ya waiga yana neman ubangidansa. A bayansu wuta na cin tulin wayoyi, robar tana narkewa tana ɗiga, hayaƙin yana murɗawa zuwa unguwar da ke jikin katanga. A wannan fili ake jibge matattun talabijin da firji da kwamfuta, a farfasa, a ƙone, a tsince jan ƙarfe. Mai Fanka takan zo ta tsinci maɓalli ko farfela don rumfarta ta gyaran fankoki. Yau kuwa ta ga abin da ya tsayar da ita: farin akwati mai ƙafafun taya, irin wanda aka jona wa mijinta Dogo a asibiti, mai tace iska ya tura wa mara lafiya ta hanci.

A can asibitin guda ɗaya ne, ga masu jira rututu. Da Dogo ya ɗan farfaɗo aka zare masa tiyo aka sa wa wani, aka sallamo shi gida yana numfashi kamar ana jan zarto.

Mai Sikeli, mai filin, ya ƙaraso yana taku ɗaiɗai, da ƙyalle a hanci. Shi kaɗai ne a wurin ya san hayaƙi na da wari.

"Matar Dogo, lafiya? Ya mai jikin? Yana dai shan madararsa ko?"

Madarar nan ita ce asibitin filin. Kullum in an tashi aiki, Mai Sikeli yakan miƙa wa kowane mai ƙona waya gwangwanin madara, wai tana wanke hayaƙi daga ƙirji. Dogo ya yi shekara da shekaru yana sha da bismilla, har yana yi wa mutumin addu'a.

"Yana sha, ranka ya daɗe. Saura kaɗan ta wanke shi gaba ɗaya. Injin nan nake so."

"Matacce ne."

"Ni ma matattun nake tasarwa."

"Kin san ƙa'idar wurin nan. Abin da ya shigo da nauyi, da nauyi yake fita. Naɗin wayar da ke cikinsa jan ƙarfe ne. Kawo mini madadinsa, ki ɗauka."

Ya faɗa ne don ta tashi ta ba mutane wuri. Ta kuwa tashi, amma sai da ta cire mayafinta ta ɗaure injin da shi tamau, ta dubi mai gudumar ido cikin ido.

* * *

Da baro ta dawo, shaƙe da fankokin rumfarta. Ba na masu kawo gyara ba, nata na kanta, waɗanda ta tsinto gawa ta naɗa musu sabuwar waya, ta wanke, ta jera tana jiran zafi ya kawo masu saye. Kowacce ta san ciwonta. Ga mai karyayyen wuya da ta yi wa ɗori, ga wadda take kira Gwaggo saboda yawan mita in tana juyawa.

Aka ɗora injin a sikeli, aka sauke. Ta shiga ɗora fankoki. Allura tana hawa a hankali, Mai Sikeli yana kallonta kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Sai da Gwaggo ta hau sannan ya gyaɗa kai.

"Duk suna aiki," in ji mai gudumar, murya ƙasa ƙasa. "Maigida, a sayar da su mana."

"Ni ɗan kasuwar iska ne? Fasa."

Ba ta kau da kai ba. Ta tsaya har aka rotsa ta ƙarshe, don kada wani ya ce ya ga bayanta tana kuka. Ya yi mata ciwo, ciwo mai tsanani. Ta ɗora injin a baro ta tura.

* * *

A tsakar ɗaki ta kwance injin, ta jera kusoshi a murfin roba. Surukarta, Inna, tana zaune a bakin gadon ɗanta da kofi a hannu.

"'Yar nan, kin kwashe abincin gidan kin kai bola, kin ɗebo mana bola kin kawo ɗaki. Ki bar yaro ya sha madararsa."

"Inna, in madara na wanke ƙirji, ai da ɗanki ya fi kowa tsabta a garin nan."

Dogo ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Ya tofa a tsumma, ya yi saurin dunƙulewa, amma ta riga ta ga baƙin.

"Kin ja mini," ya ce da ƙyar. "In na warke, da wane ido zan koma wurinsa?"

"In ka warke, ƙafarka ba za ta sake taka filin nan ba. Ga kujera a rumfa, ka zauna ka riƙa miƙo mini sukundireba."

Abin da ya kashe injin ma abin kunya ne a faɗa. Tiyo ɗaya ya tsage, kondensa, 'yar gwangwanin da ke tayar da shi, ta kumbura, soson da ke tare ƙura ya toshe. Kondensar wani mataccen firji ta zauna daidai. A kan wannan wasu suka yar da shi, wasu suka ɗaga masa guduma.

Ba ta yarda da hannunta kaɗai ba. Ta roƙi nas ɗin da ke layinsu ta zo da ɗan abin auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Injin ya yi gurnani, ya koma huci a hankali. Nas ta daɗe tana kallon lambobin.

"Yana hawa," ta ce. "Amma ki sani, taimako ne, ba magani ba. Kuma ki riƙa wanke soson nan. Iskar ɗakin yake zuƙa."

Ranar Dogo ya yi barci a kwance, ba a jingine ba. Inna ta ajiye kofin a ƙarƙashin gado.

* * *

Kafin mako ya zagayo soson ya koma baƙi ƙirin. Taga a rufe, ƙasan ƙofa a toshe da tsumma, duk da haka hayaƙi ya san hanya. Da safen nan kuma Mai Sikeli ya aiko da gwangwanin madara, wai a gaida mai jiki.

Ta fasa gwangwanin ta juye wa kyanwar maƙwabta. Ta jiƙa soson ta matse a ciki, ta sake jiƙawa ta matse, har baƙin ruwan ya kawo baki. Ta mayar da soson wurinsa, ta gyara wa Dogo tiyo a hanci, ta fita.

Ana tsakiyar awo a filin ta ratsa layi. Masu ƙona waya suka dare mata, idanunsu jajir. Ta sauke buhun da ke kan sikelin da hannunta, ta ajiye gwangwanin a tsakiya.

"Daga ɗakinmu ya fito, rabon ƙirjin Dogo ne na mako guda. Ka ce abin da ya shigo da nauyi, da nauyi yake fita. Auna."

Mai gudumar ya dubi gwangwanin, ya dubi nasa da ke leƙowa daga aljihu. Mai Sikeli ya ƙara danna ƙyallen a hanci.

Sikelin na manyan kaya ne. Allurar ko motsi ba ta yi ba.