Neman Albarka a Zangon Farko

Tun da nake dafa wa 'yan wasan besbol na ƙungiyar garinmu abinci, ban taɓa ganin shekarar da zangon farko ya zame mana ƙarfen ƙafa irin bana ba. Aikin wurin ba ɓoyayye ba ne. Mai bugu ya bugi ƙwallo ya sheƙo da gudu, 'yan'uwanka su jefo maka ita, kai kuma ka cafke kafin ya taka zangon. Shi ke nan fa. Amma ƙartai uku muka tara a kan wurin nan, kullum sai an yi abin kunya.

Na farko Yordani, wanda ya dawo daga Amurka da suna da sarƙar zinariya da tumbi. Ya iya bugu, ban ƙi masa wannan ba. Amma in ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa sai dai ya raka ta da ido, don sunkuyawa ta gagare shi. Na biyu wani Bature da mai ƙungiya ya ɗauko da tsada, wanda tun da ya sauka yake zarya tsakanin fili da banɗaki, yana cewa wai miyar sancocho da nake dafawa ce ta ɓata masa ciki. Ƙarya yake yi! Ruwan rake ya sha a bakin titi, an gan shi. Na uku ɗana Wascar, bahago, dogo, shekara ashirin da ɗaya. Ƙananan ƙungiyoyin Amurka sun riga sun sallamo shi, wannan ce ƙofar ƙarshe da ta rage masa. In ta rufe, acaɓa ke jiransa, kamar yadda ya jira sa'o'insa.

Kocinmu Don Bienvenido a kicin ɗina yake cin dakan agadensa, wai ya fi jin daɗinsa kusa da tukunya. Ranar nan yana ci ina kallonsa.

“Doña Nélsida, daina hararata haka,” in ji shi. “Yaronki yana da hannu, na sani. Amma mai ƙungiya suna yake so, wanda zai cika masa kujeru.”

“Suna ne zai sunkuya ya ɗauki ƙwallo?”

“Kafin Kirsimeti zan yanke magana. Ɗaya ya riƙe zangon, ɗaya ya zauna a benci, ɗaya kuma ya kama gabansa. Ƙaro mini albasa.”

Na ƙara masa, ba don na so ba.

To, akwai Eladio. Aminin marigayi mijina ne, shi ya riƙe Wascar a coci ranar baftisma, shi ne padrinonsa ke nan. Ya haura arba'in amma har yanzu yana buga wa ƙungiyar 'yan kan tudu, abokan hamayyarmu, wasa, yana rina gemu don kada a ga furfura. A wurinmu ko kai wane ne, in ka fara haɗuwa da padrinonka a yini, sai ka cire hula ka sunkuyar da kai ka nemi albarka, shi kuma ya amsa maka. Yaron da bai yi ba, uwarsa ake zagi. Ni kuwa ban haifi wanda zai jawo mini zagi ba, da ludayi na koya masa tun yana ƙarami. Duk ranar da ƙungiyoyin biyu za su kara, kafin a fara Wascar zai tsallaka ɓangarensu ya nemi albarkarsa, a gama da wannan, sannan a shiga fili.

Lahadin nan ya je ya dawo yana sosa ƙeya.

“Mami, ban ga Padrino ba. Sun ce ana masa tausa, an kulle ƙofa.”

“Ka koma mana.”

“Na koma. Har yanzu wai tausar ake.”

Ban kawo komai a raina ba. Wa zai zaci tsoho zai ɓuya wa ɗansa?

Wasa ya yi nisa, ana kunnen doki, rana ta fara sanyi. Na bar wanke-wanke na tsaya a bakin ƙofar da ke kallon fili. Suna da mutum a zango na uku, taku kaɗan ya rage masa ya shiga gida su samu ci ɗaya. Sai Eladio ya samu ya iso zangon farko, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Wascar. Na ga ya matsa nesa da zangon, nisan da tsohuwar gwiwarsa ba ta isa ba, kamar mai shirin satar gudu. Duk wanda ya san wasan ya san abin da zai biyo baya: mai jifanmu zai juyo ya wurgo wa Wascar ƙwallo don ya taɓa shi da ita kafin ya koma kan zango, a fitar da shi. Eladio ya fi kowa sani. Daga baya Wascar ya gaya mini abin da ya ce masa a daidai lokacin.

“Yaro, yau ka girma ke nan? Ka ga padrinonka ka ɗauke kai?”

Hannun yaro ya tafi kan hula tun kafin hankalinsa ya iso. Ya cire, ya sunkuyar da kai.

“Ka sa mini albarka, Padrino.”

Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa, fiu, ta yi can bakin katanga. Na zango na uku ya shiga gida yana tafiyar ƙasaita, Eladio ya ɗingisa zuwa zango na biyu yana dariya. Da wannan cin ɗaya aka doke mu.

Kai, ranar na ga abin da ya fi ƙarfina. Kofunan giya suka dinga sauka a fili kamar ruwan sama. Wani ƙato da ke saman kaina yana ihu, “Ku kai shi coci ya riƙe kyandir!” Wata mata da na sani, da muke sayen kifi wuri ɗaya, ta ce wai uwarsa ta haifi limamin coci ta kawo mana a matsayin ɗan ƙwallo. Kashegari 'yan rediyo suka raɗa masa Ɗan Albarka, har masu acaɓa suna cire hula in ya wuce suna tuntsira dariya. Mutanen da ke marin 'ya'yansu in ba su gaida manya ba, su ne fa suke wannan. Tir!

Don Bienvenido ya zaunar da shi a benci. Aka sa Yordani, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa har ya gaji da juyawa yana nemanta. Aka sa Bature, ana tsakiyar wasa ya ɗaga hannu ya ruga ciki riƙe da mara. Ba don haka ba da tuni an sallami ɗana. Koci ya kira shi kicin, a gabana.

“Lahadi mai zuwa za su dawo,” in ji shi. “Zan sa ka, don ba ni da yadda zan yi. Amma ka ji ni da kyau. In na sake ganin ƙwallo ta wuce ka saboda gaisuwa, ka ajiye rigar nan ka tafi gida.”

Ban iya haƙuri ba. Na hau mota na je har unguwar su Eladio, na same shi a gaban kanti yana wasan domino da abokansa, ƙafa ɗaya a kan kwandon kwalabe.

“A'a, Comadre, uwar ɗana! Yau ke ce a garinmu? A ba ta kujera.”

“Riƙe kujerarka. Eladio, ba ka ji kunya ba? Yaron da ka riƙa a gaban Allah?”

“Haba Comadre, wasa ne fa. In an shiga fili babu padrino, babu ɗa.”

“To in babu padrino a fili, uban wa ya sa ka tuna masa kai padrino ne a filin?”

Abokansa suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, ko a jikinsa. Ya buga domino a kan tebur da ƙarfi.

“Ni ma bana ce shekarata ta ƙarshe in ban nuna musu ina da amfani ba,” ya ce. “Ƙafa ta tafi, kai ya rage mini. Darasi na ba shi kyauta. Nan gaba zai gode mini.”

Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita ba, har da na gemunsa mai rini. Na tofar da yawu a gefen takalminsa na juyo.

A gida na ce wa Wascar ya nemi tsohon kafin wasa, in ya sake ɓuya, to albarkar ta jira har a tashi, Allah yana gani. Satin nan gaba ɗaya abinci kaɗan yake ci. Na dai lura bayan atisaye yana keɓewa da mai jifanmu suna ƙus-ƙus, mai jifan yana dariya yana dukan cinya, shi kuwa fuskarsa a ɗaure. Na ɗauka shawara yake nema, har na ji daɗi.

Lahadi ta zo, fili ya cika maƙil, rabi ma ba wasa suka zo kallo ba, Ɗan Albarka suka zo gani. Wascar bai tsallaka ɓangarensu ba. Can wajen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, saura mutum ɗaya mu fitar a tashi, sai Eladio ya buga wata 'yar ƙwallo da ta faɗa inda babu kowa, ya iso zangon farko yana haki. Fili ya kaure da ihu, ana ta kaɗa huluna.

Mai jifa ya juyo ya wurgo. Wannan karon Wascar ya cafke, amma Eladio ya riga ya dawo kan zango. Wascar ya ɗaga hannu kamar ya mayar wa mai jifa ƙwallon, mai jifa kuma ya juya baya ya koma gefe ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Eladio yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa, bai duba ba. Ni ma, Allah na gani, na ɗauka ƙwallo ta koma.

Sai na ga ɗana ya ja da baya kaɗan, ya cire hula, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa. Irin durƙuson da kakanninmu ke yi, wanda yanzu ko a ƙauye an daina. Fili ya yi tsit, har na ji muryarsa daga inda nake.

“Padrino, ka yafe mana. Mami ta zage ka, ban ji daɗi ba. Ka sa mini albarka, don darajar babana da ke kabari.”

Na san Eladio tun yana saurayi, na san fuskarsa ta yaudara, na san ta gaskiya. Wannan ta gaskiya ce. Ya ɗauke ƙafa daga kan zango, ya tako, ya ɗora hannu a kan yaron.

“Allah ya yi maka…”

Wascar ya soka masa safar hannunsa ta cafke ƙwallo a tumbi, ya buɗe ta sama. Ga ƙwallo fara tas a ciki. Alƙalin wasa ya daka tsawa ya fitar da Eladio, wasa ya ƙare.

Filin ya haukace. 'Yan wasanmu suka ruga suka ɗaga Wascar sama. Ƙaton nan mai cewa a kai shi coci shi ne kan gaba wajen kiran sunansa, matar kifi kuwa har da guɗa. Ni Eladio nake kallo. Yana tsaye hannunsa a miƙe inda kan yaron yake ɗazu. Na ga leɓɓansa sun ƙarasa kalmar, “albarka,” shi kaɗai, ba mai saurare. Sannan ya ɗauki hular kwanonsa ya ɗingisa ya fita. Na tsani abin da ya yi wa ɗana, har gobe na tsana. Amma shi hula kawai ya sa aka cire masa, bai tono mamaci ba.

Don Bienvenido ya faɗo kicin yana share hawayen dariya.

“Doña Nélsida, kin haifi namiji! Magana ta ƙare, zango nasa ne. Bature zai bi jirgin gobe, Yordani ya zauna ya yi ta ci. Ashe yaron nan yana da mugunta? Ai ita nake nema tun farko!”

Na ci gaba da kankare ƙanzon tukunya.

Can sai ga Wascar, jiƙe da giyar da aka kwarara masa, yana washe baki.

“Mami, na samu! Kin gani? Ba sauran acaɓa!”

“Na gani.”

Ya tsaya ya dube ni, murmushin ya ɗan ragu. Sai ya cire hula ya sunkuyar da kai.

“Ki sa mini albarka, Mami.”

Na sa masa, don uwa ba ta hanawa. Amma kafin in ɗora hannu a kansa, sai da idona ya sauka ya duba abin da ke cikin hannunsa. Kuma ya ga na duba.