Farin Zare

Tagar ofishinmu ƙarama ce, sai mutum ya sunkuya kafin mu ga fuskarsa. Shekara ashirin da biyu ina zaune a bayanta ina karɓar ƙara, ina ba da ranar zama, ina buga hatimi a kan kwafin hukunci. Na saba da goshin mutane fiye da idanunsu, har nakan gane mai rigima tun daga yadda ya ɗora gwiwar hannu a kan katakon tagar.

Wanda ya zo ranar Alhamis ɗin nan bai ɗora komai ba. Ya sunkuyo a hankali, furfura ta fara cin gemunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar shari'ata nake nema. Wadda aka ce ba ni da laifi."

Na tambaye shi ta yaushe. Ya ce shekara goma sha huɗu ke nan. Anti Tafireta, mai buga mana takardu, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta daina bugu ta ce, "Bawan Allah, sai yau ka tuna da mu?"

Ya yi murmushi, ya ba mu labari. Direba ne. Wata takwas yana zaune tun da kamfaninsu ya rufe, sai ga wata makaranta ta ɗauke shi ya riƙa tuƙa bas ɗin ɗalibai. Sun ce ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Da ta fito, sai ga layi ɗaya a ƙasa: an taɓa gurfanar da shi a kotu kan tuƙin ganganci da ya yi sanadin rai. Shugabar makarantar ta ce ya kawo hukuncin kotu zuwa Litinin, in ba haka ba akwai wani direban yana jira.

Da ya faɗi sunansa sai na ji shi a kunnena kamar jiya. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa. Ni na zauna a gaban alƙali ranar shari'arsa, ni na rubuta bayanin shaidu. Ƙanin mamacin da bakinsa ya ce wata babbar mota ce ta kaɗe yayansa ta gudu, wannan tsayawa ya yi don ya taimaka. Wata fasinja ma ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan mutumin ko kaza ba zai iya kaɗewa ba, kullum sai ya makarar da mu aiki." Kotu ta kwashe da dariya, har alƙali ya rufe baki da hannu. Aka sallame shi, aka wanke shi tas.

Na ce, "Ba su ba ka kwafi ba a lokacin?"

"Ban tsaya tambaya ba, ranka ya daɗe. Da na ji an ce na tafi, ko takalmina ban gama sakawa ba."

Na ce ya dawo gobe da safe. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, irin na wanda ya san inda ya ajiye abu.

A zamanin da aka yi shari'ar, babban magatakardanmu wani dattijo ne da muke kira Baba Zare. Kabad ɗin ƙarfe biyu kawai muke da su, takardu kuwa sun fi ƙarfinsu, sai ya fito da tsarinsa. Fayil ɗin da aka yanke wa mutum hukunci, ko wanda shari'arsa ba ta ƙare ba, a ɗaure shi da jan zare a sa a kabad, domin gidan yari za su tambaya, masu ɗaukaka ƙara za su tambaya. Wanda aka wanke kuwa, farin zare, a kai ɗakin ajiya na baya. Yakan ce, "Wanda aka saki ba ya waiwayowa." Duk muka ga hikimarsa. Ni ma da na gaje shi ban canza ba, har nakan koya wa sababbin ma'aikata ina alfahari.

Na ɗauki makulli da tocila na zagaya baya. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na buga shi da dutse. Warin danshi ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Silin ya ɓule a kusurwa, ruwan damina ya yi ta bin bango shekara da shekaru, gara kuma ta gina hanyoyinta daga ƙasa har kan kanta ta uku. Kantar shekarar da nake nema ita ce ta biyu. Na sa hannu na ɗago fayil na farko, ya narke a tafina ya zama ƙasa. Na ɗago na biyu, haka. Zaren ne kawai gara ba ta ci ba, domin na roba ne. Yana nan jibge a cikin ƙasar, kowanne da ƙullinsa, ba abin da yake ɗaure da shi. Na fi awa biyu a durƙushe ina tonawa, ban samu ko rabin shafi mai karantuwa ba.

Na koma ofis riga duk ƙasa. Anti Tafireta ta dube ni ta ce, "Kai kuma kabari ka tono?" Na faɗa mata abin da na tarar, ta ce, "To ai akwai rajista."

Rajista babban littafi ne da ake shigar da kowace ƙara: lamba, suna, tuhuma, sai gurbin ƙarshe na sakamako. Shi yana kabad ɗin ƙarfe, ko ƙura bai sha ba. Na buɗe shekarar, na bi da yatsa. Ga sunansa da rubutuna, mai kyau, a miƙe. Ga tuhumar. Gurbin sakamako babu komai sai jan layi da aka ja a tsakiyarsa. Na sama da shi uku haka, na ƙasa uku haka.

Sai da na ga kwanan watan na tuna abin da ya faru. Ba kullum muke cike gurbin sakamako ba. Fayilolin da aka gama tara su muke a kan tebur, ranar Juma'a a shigar da su gaba ɗaya. Wannan Juma'ar na buɗe littafin ke nan aka yi waya cewa matata na naƙuda an wuce da ita asibiti. Na bar biro a buɗe na fita. Da na dawo Litinin, Baba Zare ya riga ya ɗaure na makon, masu farin zare sun tafi baya. Na ce anjima zan ɗauko su in cike. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama mako. A ƙarshen shekara alƙali ya bi shafi-shafi yana soke duk gurbin da babu rubutu, yana sa hannu a ƙasa, kamar yadda doka ta ce. 'Yar da aka haifa min ranar yanzu tana aji biyu a sakandare.

Anti Tafireta ta leƙo ta kafaɗata, ta rage murya. "Ka cike mana. Kai ne ka ji da kunnenka, rubutunka ne kuma."

Wallahi na ɗauki biron. Amma bara aka zo aka ɗauki hoton kowane shafi aka sa a kwamfutar babbar kotu, da jan layin da komai. Duk wanda ya gwada biyun zai ga an yi ƙari, kuma ba ni kaɗai zan shiga uku ba, shi za a ce ya sayi takardar bogi don ya tuƙa 'ya'yan mutane. Na ajiye biron.

Na shiga wurin alƙaliyarmu ta yanzu na zayyana mata komai, har da laifina. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Malam, ni na yarda da kai. Amma ba zan sa hannu a kan hukuncin da ban gani ba." Alƙalin da ya yi shari'ar ya rasu, Baba Zare ma haka. Hanya ɗaya ce: direban ya shigar da buƙata, a aika babbar kotu, a kira shaidu a sake tabbatar da hukuncin. Na tambaye ta tsawon lokaci. Ta ce in an yi sa'a wata huɗu.

Na nemo lambar shugabar makarantar na kira ta da wayata. Na ce zan yi rantsuwa a rubuce cewa ina wurin. Ta yi min magana da mutunci, ta ce ba ita ba ce, kwamitin iyaye ne, su kuma hukunci mai hatimi suka ce. Ta ce, "Kai ma da ɗanka ne a motar, me za ka ce?" Na yi mata godiya, na kashe wayar.

Da safe direban yana bakin taga tun kafin mu buɗe. Ya sa riga mai guga, ya zo da sabuwar jakar leda ta saka takarda. Na kasa yi masa magana ta taga, na zagayo na shigo da shi na ba shi kujerata. Na faɗa masa na gara, na faɗa masa na zare, na buɗe rajistar na nuna masa gurbin, na ce ni ne ban cike ba. Na so ya zage ni, da na ɗan ji sauƙi.

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Amma kana wurin ranar, ranka ya daɗe?"

"Ina wurin."

"Ka ji abin da alƙali ya ce?"

"Na ji. Na ji har dariyar da aka yi."

"To ka rubuta min haka."

"Abin da ke cikin littafin nan kawai zan iya buga wa hatimi," na ce. "Shi kuma cewa zai yi an tuhume ka, ba a san yadda aka ƙare ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Anti Tafireta ta juya tana gyaran takardun da ba su buƙatar gyara. Ya ce ya riga ya faɗa wa iyalinsa ya sami aiki, ƙaramar 'yarsa har ta tambaya ko za a bar ta ta hau bas ɗin. Ya naɗe jakar ledar biyu, ya sake naɗewa, ya sa a aljihu.

Na ce ko ba don wannan aikin ba, gara ya shigar da buƙatar, don layin nan zai bi shi duk inda ya je. Na cike masa fom ɗin da hannuna, ya sa hannu. Na ɗauko sabon fayil, na rubuta sunansa da sabuwar lamba, na jawo aljihun tebur inda zaren yake. Ya miƙe tsaye yana kallon hannuna.

"Wannan da wane zare za ka ɗaure shi?"

"Da ja," na ce. "Shari'ar da ba a gama ba ce."

"Kabad ɗin ƙarfe ke nan."

"Eh."

"To madalla," in ji shi. "Wannan kam ba abin da zai same shi."

Ya yi mana sai anjima, ya fita. Na koma taga, wanda ke bayansa a layi ya riga ya sunkuyo.