Husufin da Ya Wuce Wiebe

A ƙauyen su Wiebe maƙeri, can Firislan, mujallar kimiyya guda ɗaya ake saye, tana yawo gida-gida. Daga gidan fasto take farawa, sai ta sha maiƙo take isowa gidan Wiebe.

Ran nan ya karanta cewa ranar Laraba za a yi husufin rana, kuma ta gilashin da ya sha hayaƙi ake kallo. Tunda yake bai taɓa gani ba. Ya ɓalle gilashin tagar kicin, ya kara a bakin fitila, ya dasa kujera a tsakar gida.

Har yamma rana lafiyarta ƙalau.

Matarsa Sjoukje ta leƙo ta tagar. "Maigida, wannan Larabar ai ta watan jiya ce. Ka manta ranar da kaji suka shige akurki da rana tsaka, kana cikin maƙera kana zagin idanunka?"

Wiebe ya yi tsaki, ya saɓa kujerarsa, ya nufi gidan fasto.

"Ina kuma za ka, tsoho?"

"Tare mai kawo wasiƙu. Daga yau ta kaina za a fara."