Kabad Mai Ido Ɗaya

Yayata Adda Zulaihatu ce ta kashe mini aure, ta taga, ranar wata Talata da hantsi. Ni kuwa ina can makaranta ina fama da 'yan aji uku, ban san an sake ni ba.

Bari in koma baya kaɗan. Shekara biyu muka yi a gidan iyayen maigidana a cikin Yola kafin mu tare a Rumde, a Jimeta. Lokacin ba a daɗe da yanka jihohi ba, an ce mana yanzu mu mutanen Arewa maso Gabas ne, manya sun kwashi takardunsu sun nufi Maiduguri. Maigidan nawa, wanda a ofis suke kira Malam Jibrilla, mai zanen gine-gine ne. Ya je kwas Kaduna na wata tara, ya dawo da wata irin cuta ta rashin son ganin tarkace. Ko kofi ka bari a kan tebur sai ya bi shi da ido har ka ɗauke.

Ɗakina na Yola kuwa, idan ka shiga sai ka yi sallama ga kwanoni kafin ka ga mai ɗakin. Jere aka yi mini na gani na faɗa: kwalla kan kwalla, langa, fanteka, tasoshi, tun daga ƙasa har rufi, bango uku. Gado ya cinye abin da ya rage. In zan yi sujada sai na lura kada ƙafata ta rushe gini. Kowace Alhamis in sauke su kaf, in goge, in kori kyankyasai, in mayar, kuma ko ɗaya ban taɓa zuba tuwo a ciki ba. Kayan jere na kallo ne.

Da za mu tashi, ya shimfiɗa mini wata takarda a gabana. Ya zana kabad mai cin bango guda, da ƙofofi huɗu sumul, babu ado ko ɗigo. Sai kujeru biyu, ƙaramin tebur, tabarma ɗaya. Bango a shafa masa farar ƙasa. Ya ce, "Kayanki duka za su shiga nan, a rufe. In ba ki so, a bari."

Ba zan ɗora masa laifi ba, ni na ce ina so tun bai rufe baki ba.

Nicodemus ne ya yi aikin, wani kafinta mutumin Numan da ke da rumfa a bayan kasuwar Jimeta. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Oga, ba fulawa? Ba madubi? Mutane zai ce ban iya aiki ba fa." Amma da ya goge katakon maɗacin nan ya shafa masa mai, shi da kansa ya ja da baya ya tsaya yana kaɗa kai. Ƙofofin suka haɗe da juna har ba ka ganin tsaga, sai ka rantse bangon katako ne.

Na so ɗakin nan, so na gaske. In na buɗe tagogi biyu iskar kogi ta shigo ta nan ta fita ta can babu abin da ya tare ta, a garin da zafi ke narka mutum. Shara minti biyar. Alhamis ta zama tawa. Nakan zauna a tsakiyar tabarma in miƙe ƙafa in yi ta murmushi ni kaɗai.

To, ranar Talatar nan yayata ta zo kasuwa daga ƙauyenmu Mbamba, ta ce bari ta leƙa sabon gidan ƙanwarta. Ta tarar da ƙofa a kulle. Adda kuwa ba ta san a ga ƙofa a kulle a juya ba, sai ta zagaya ta kafa fuska a taga. Ta ga kujeru biyu da tabarma da farin bango fayau. A wurinmu ɗakin matar aure ba ya zama haka sai da dalili: ko an kwashe kaya aure ya mutu, ko miji ya kai su kasuwa. Ko cefanen ba ta ƙarasa ba ta hau mota.

Bayan la'asar ina tsintar shinkafa na ji sallama. Na ɗaga kai, sai ga Dada. Mahaifiyata, wadda tun da aka kai ni ɗaki kunya ba ta bar ta ta taka gidana ba, ga ta tsaye da ƙurar hanya a ƙafa, da wani tsohon zane a naɗe a hammata. Daga baya na gane na ɗaure ragowar tsummokarana ne. Adda na bayanta, ido ya yi ja.

"Raliya, tun yaushe?" in ji Adda. "Shi ne kika ɓoye mana? Saki nawa ya yi?"

Sai da na yi jim kafin na gane. Da na gane kuwa dariya ta kama ni har na zubar da shinkafa. Na ja su ciki, na buɗe ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ina taƙama. Ga kwalla, ga langa, kowacce a mazauninta, tas, babu ƙura.

Adda ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe bangon buɗewa yake yi!" Ta fashe da dariya ita ma.

Dada ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, a hankali, da Fillanci, "Rufe."

Na rufe.

"Da saki ne, da na san abin da zan yi," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa nono ina kai wa Yola a ka. Babu kwallar da ban san ranar da na sayo ta ba. Duk macen da ta shigo ɗakinki, ni take gani a bango, ta san kina da uwa. Yanzu kin shafa mini farar ƙasa."

Na kawo ruwa, ba ta sha ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ba za ta ƙara shiga ɗakin da aka kulle ta a akwati ba. Wanda ya san Dada ya san maganarta ba ta komawa baya. Ta taɓa yin shekara shida ba ta taka gidan ƙaninta ba a kan abin da bai kai wannan ba.

Na ji kunya, na ji zafi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta yi gaskiya. Ban ko tuna da ita ba ranar da muke duba takardar nan. Da maigidan ya dawo na faɗa masa, sai ya ce gobe a cire ƙofofin, a mayar da jere yadda yake. Nan ma raina ya ƙi. Ina son uwata ta shigo gidana, ina kuma son ɗakina yadda yake. Kwana uku ina jan wannan igiya a cikina.

Ranar Asabar muka kira Nicodemus ya cire ƙofofin. Ya saurari labarin duka, ya cire guda ɗaya, ya jingine ta, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malama, kafin na ɓata aiki," ya ce, "Mama ne ya yi fushi, ba ke ba. Ƙofa ne ya yi laifi. Mu kai mata shi, ita ya yanke hukunci."

Na ce masa bai san Dada ba. Ya ce shi ma yana da uwa.

Haka muka ɗora ƙofar kabad a bayan motar haya, mutane na kallonmu tun daga Jimeta har Mbamba. Maigidan ya cire takalmi tun daga nesa ya tsuguna a gindin bishiya a waje, don suruki ba ya tsayawa ido da ido da surukarsa. Ni da Nicodemus muka shiga zaure. Na aika aka kira Dada, ta fito tana ɗaure fuska. Ya durƙusa ya gaishe ta da ɗan Fillancin da ya tsinta a kasuwa, sannan ya kwantar da ƙofar a gabanta.

"Mama, ga mai laifi. In kin ce a ƙona, ni zan kawo ashana. In kin ce a huda, ki nuna wuri, zan sa gilashi a ga kayanki."

Na ga gefen bakin Dada ya motsa, ta yi maza ta gyara mayafi. Ta shafa katakon da tafin hannu, sama da ƙasa, irin yadda take shafa bayan saniya. Da Hausarta ta kasuwa ta ce masa, "Hannunka yana da kyau." Sannan ta ce in ɗebo mata gawayi a murhu.

Na ɗauka za ta zagaye ƙofar duka, ta ce a mayar da ita gilashi daga sama har ƙasa. Na riga na sallama. Sai ta sunkuya ta zana ɗan murabba'i a daidai tsayin idon mutum, bai fi faifai girma ba.

"Dada, wannan ai kwalla ɗaya kawai za a gani," na ce.

"Na sani." Ta karkaɗe hannu. "Kwana huɗu ina tunani. Ranar da aka yi miki jere, mata sun dawo suna ta ba ni labari. Kowacce cewa take, kai, kaya da yawa! Na yi ta jira wata ta ce ta ga shuɗiyar nan mai tsuntsu a murfi, wadda na sayo shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Sau uku ina komawa wurin mai ita kafin ta zama tawa. Babu wadda ta gan ta. Yawan suka gani."

Ban taɓa jin Dada ta yi magana mai tsawon haka a kan kanta ba. Ni ma da nake goge shuɗiyar nan kowace Alhamis, ban san da tsuntsu a murfinta ba.

Nicodemus ya yi kwana biyar a kan aikin. Ya yanke wurin daidai layin gawayin, har ɗan karkacewar da hannunta ya yi bai gyara ba, ya sa gilashi, ya ƙara 'yar kanta a baya mai ɗaukar kwano guda. Maigidan ya zagaya ta hagu ya zagaya ta dama, ya ce wannan ya fi zanensa, kuma na san ba don ya faranta mini ya faɗa ba. Amma na bar kantar babu komai. Ba ni ce mai sawa ba.

Ranar Juma'a da safe na share ɗaki sau biyu, na ɗora tukunya, ina fita ƙofar gida ina dawowa. Ba ta ce za ta zo ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji sallamarta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sai ta cire takalmi ta shigo.

Ba ta ko dube ni ba. Ta buɗe kabad, hannunta ya tafi kai tsaye, ta zaro shuɗiyar, ta goge da bakin zane, ta ɗora ta a kan 'yar kantar nan, murfin na kallon gilashi, ta rufe. Muka ja da baya. A duk faɗin farin ɗakin nan babu inda ido zai sauka sai kan ɗan tsuntsun. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Dada ta zauna a kujera, ta karɓi ruwa ta sha.

"Ba ita kaɗai za ta zauna a nan ba," ta ce. "Kowacce da ranarta. Duk Juma'a zan zo in canza, kada ki taɓa mini. Ɗari da arba'in da uku ne. Juma'a nawa ke nan?"

Na lissafa da yatsa. "Shekara uku ba wata uku, Dada."

Ta dafa gwiwa za ta tashi, ta koma ta zauna, ta harari kujerar.

"To, ki gaya wa mai zanen nan ya sa kafinta ya yi mini tawa mai hannu. Gwiwata ba za ta yi shekara uku tana kokawa da wannan ba."