Katin Da Ya Shiga Leda

Mai Leda ake ce masa, domin sana'arsa ke nan. Yana da rumfa a bakin titi, da tebur, da wani inji mai zafi da ke liƙe takarda a cikin leda. Takardar haihuwa, shaidar makaranta, hoton mamaci, duk abin da mutum ke tsoron ruwa ko gara su ci, wurinsa ake kawowa. Kafin ya tura takarda a inji yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ka duba da kyau. Abin da ya shiga leda ba ya fita."

A gida ma haka yake, magana ɗaya. 'Yarsa Auta ta shiga tara wasu katuna da ake sayarwa a rufe cikin fakiti, kowane da hoton jarumi ko dabba. A bayan kati akwai wani ɗan tambari mai ɗigo-ɗigo. In an haska shi da waya, sai wata ƙofa ta buɗe a cikin wasan da yara ke bugawa. Shi Mai Leda bai tsaya jin wannan bayani ba. Kati dai kati ne, ƙanin caca. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya tattara su ya zuba a tsohon gwangwani, ya ƙyasta ashana, tana tsaye tana kallo.

Ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar takan gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta tashi. Hirar da suka saba yi a bakin ƙofa ta mutu. Ya ce fushin yaro ne, zai huce. Bai huce ba har ciwon ƙoda ya kwantar da ita a asibiti, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce za a shiga da ita aiki, bai kuma yi alkawarin komai ba.

A barandar asibitin matarsa ta tare shi.

"Baban Auta, kullum kana zuwa ka zauna kamar baƙo, ita ta juya wa bango fuska. Haka za a shiga da ita?"

"To me zan yi? Na kawo lemo, ba ta sha ba."

"Ba lemo take so ba. Wutar da ka sa takarda kawai ta ci, wasan yana nan a wayarta. Ƙofa ɗaya ta rage mata, katin Farar Shirwa ke buɗe ta. Shi take ambata ko cikin zazzaɓi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya nufi kantin da ake sayar da katunan, inda ya sha wucewa yana tsaki. Mai kantin, wani saurayi mai askin banza, ya dube shi ya yi dariya.

"Baba, kai ma ka shigo layi? Ko ka ɓata hanya ne, kantin tabarau na gaba?"

"Farar Shirwa nake so."

"Kowa ma ita yake so. Sai a buɗe kwali guda ba a gan ta ba. Guda ɗaya gare ni, ta cikin gilashin can, kuma ba ta sayarwa ba ce."

Mai Leda bai iya roƙo ba, amma ranar ya koya. Ya faɗi gadon asibiti, ya faɗi gwangwani da ashana. Saurayin ya daina dariya. Ya buɗe gilashin, ya ɗauko katin da bakin yatsu kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Ba a taɓa haska shi ba, sau ɗaya kuma yake aiki. Baba, don Allah kada ya jiƙe, kada ya karce."

Kada ya jiƙe, kada ya karce. Wa za a gaya wa wannan? Mutumin da ya tsufa yana kare takardun jama'a daga ruwa? Asibiti kuwa ga ruwan magani, ga gumi, ga hannun 'yan dubiya. Ya biya ta rumfarsa, ya zaɓi leda mai kauri, wadda yake ajiye wa takardun fili. Ya jira inji ya yi zafi sosai, ya tura katin a hankali. Da ya fito ya yanke gefuna, ya zagaye kusurwoyi don kada su soke ta. Shirwar na ƙyalli, fiffike a buɗe. A baya, tambarin nan ya narke ya zama baƙin tabo. Ya goge shi da hannun riga, bai fita ba. Ya ce ai hoton ne abin so, baya kuwa baya ce. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma gwani ba ya ganin yana da abin tambaya.

Da ya miƙa mata, Auta ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba sai an ɗaga ta. Ta dubi shirwar, ta dube shi, fuskarta ta saki. Ta ce, "Umma, miƙo min waya."

Sai ta juya katin.

Duk da haka ta gwada. Ta haska, wayar ta yi wani ɗan kuka, ta ƙi. Ta matsa kusa da taga ta sake. Ta sa farce tana neman bakin ledar.

"Kada ki ɓare," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Fuskar katin za ta biyo ledar."

"Ka sa shi a inji?"

"Don kada ya jiƙe."

Ta daɗe tana kallon baƙin tabon. Ba ta ɗaga murya ba. Ƙarfin hakan ma babu.

"Baba, kai komai nawa sai ka ƙona shi?"

Uwar ta ce, "Ke Auta, ubanki ne fa."  Shi kuwa, garin gyaran gira ya tsone ido. Ya miƙa hannu zai karɓa, ko a kantin za a san dabara. Ta janye, ta tura katin ƙarƙashin matashi.

"Bar min shi. Ka gyara kusurwoyin da kyau." Ta kwanta, amma wannan karon ba ta juya wa bango fuska ba.

Ya koma kantin da sassarfa, tsoho yana haki a titi. Saurayin ya dafe kai da ya ji.

"Inji, Baba? Tawadar nan ko zafin rana ba ta so. Ni na ɗauka kowa ya sani."

"Wani fa?"

"Sai sabon kaya ya iso. Ko ya iso ma, sai an dace."

Auta ba ta jira sabon kaya ba. An shiga da ita, ba ta farka ba.

Da uwar ke naɗe zannuwan gado ta sami katin, ta ba shi ba tare da ta kalle shi ba. Yana aljihun gaban rigarsa har yau. Ruwan sama ya sha dukansa, an wanke rigar da shi a ciki ba sau ɗaya ba. Bai jiƙe ba, bai karce ba.