Ƙwaya Uku da Farfesa Ya Tsallake

Shekara ashirin Farfesa ya yi yana bincike kan ciwon hanta da ƙanjamau. Takardarsa mafi suna, wadda masana suka ambata sau dubu biyu da ɗoriya, a kan masu tsallake shan magani ce. Kullum da safe sai ya leƙa kwamfuta ya ga ko adadin ya ƙaru, kafin ma ya gaida matarsa. A wajen taro kuwa yakan ɗaga yatsa ya ce ƙwaya ɗaya tal a rana ai ba aikin soja ba ne.

Ran nan tsautsayi ya hau kansa. Ya karɓi sirinji daga hannun wata ɗaliba don ya nuna mata yadda manya ke ɗibar jini, alhali rabonsa da ɗibar jini tun gashinsa na baƙi. Allurar ta fito daga hannun mai cutar ta shige babban yatsansa. Rigakafin ciwon hanta dai ya yi tuntuni, saura ƙanjamau. Sista, wadda ta shekara goma sha biyu tana cika masa takardun bincike, ta ba shi kwalbar maganin kariya na kwana ashirin da takwas. Har ta soma karanto masa ƙa'idojin sha, ya tuna mata cewa shi ya rubuta su.

Mako guda ya yi kamar agogo. A rana ta tara maganin ya dame masa ciki, ga lacca da ƙarfe goma, ya ce bari a gama tukuna. Bai tuna ba sai washegari. A rana ta sha biyar ya bar kwalbar a aljihun rigar da aka kai wanki. Ta ashirin da biyu ce abin kunya: surukarsa ta zo musu kwana, ta ɗauki kwalbar a kan firij tana juyawa, tana tambayar maganin mene ne. Mutumin da ya zaga duniya yana wa'azin a daina ƙyamar masu cutar ya ce na hawan jini ne, ya cusa shi can ƙasan durowar safa, ya manta.

Ranar komawa asibiti ya ga ƙwaya uku na kallonsa a gindin kwalba. Ya zuba su a masai ya kora da ruwa. Wannan dabarar ma akwai ta a shafi na bakwai na takardarsa.

Sista ta tambaye shi kwana nawa ya tsallake. Bakinsa ya ce ko ɗaya, ba tare da ya yi shawara da shi ba. Ta rubuta, ta ɗebi jininsa, ta ce ya jira a benci.

Bai taɓa zama a bencin nan ba. Ashe yana da ƙusa. Wata dattijuwa mai jakar leda ta matsa masa, ta tambaya ko sabon shiga ne. Ita shekararta goma sha ɗaya tana sha, ta ce, kuma a cikin kofin shayinta take kwantar da kwalbar, don ba ta taɓa manta shayi ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce da ganin fuskarsa ya yi wa Sista ƙarya, kowa ma da haka yake farawa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar.

"Uku ne, Sista."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ɗauki magogi ta goge, ashe da fensir ta rubuta amsar farkon. Ta ce gwajin yau ba zai wadatar ba, ta rubuta masa wasu ranaku biyu da zai dawo, ta ce kafin nan ya gaya wa matarsa gaskiya.

Ya karɓi katin da ta rubuta ranakun a kai. Ya san alƙaluman sarai, da yawansu ma shi ya fitar, amma ba su hana shi tambaya ba.

"Sista, zan tsira kuwa?"

"Galibi ana tsira, Farfesa," in ji ta. "Haka ka koya mana mu riƙa ce musu."