Na'urar da Taswira Ya Zaɓa

A tashar tasi, Taswira suke kiransa, domin ya san lungunan garin kamar yunwar cikinsa. Sabbin direbobi shi suke tambaya hanya, shi kuwa sai ya gama yi musu tsiya kafin ya kwatanta musu. To, wannan mutumin ne ranar Talata, da rana tsaka, ya zo shataletalen da yake bi kullum, ya rasa ta inda zai fita. Ya yi ta zagaye har fasinjar da ke baya ta tambaye shi ko lafiya.

Ba wannan ne na farko ba. Babban ɗansa ya riga ya faɗa masa, cikin ladabi amma babu wasa, cewa idan aka sake jin ya ɓata, zai karɓi makullin motar ya ajiye. Taswira ya san ɗan nan nasa, taurin kansa ya gado. Kuma in aka raba shi da sitiyari, bai san me zai tashi ya yi da safe ba.

Shi ya sa ya tsallaka can wani gefen gari, inda ba a san shi ba, ya shiga shagon kayan mota ya ce wani abokinsa ne ke neman na'urar nuna hanya. Mai shagon, wata matashiya mai fara'a, ta jera masa kala-kala a kan kanta. Mai babban allo ta fi kyan gani, amma fasinja na shigowa zai hango ta, kafin yamma kuma labari ya cika tasha. Ƙaramar za ta ɓuya a gefen sitiyari, sai dai rubutunta kamar tururuwa, idonsa kuwa ya daina irin wannan aikin. Akwai wadda ake haɗawa da waya, ya ture ta gefe da sauri, don ɗansa ne ke duba masa wayar.

Da ta kunna wata mai magana, muryar mace ta fito a natse tana cewa a yi dama. Taswira, wanda bai taɓa yarda wani ya nuna masa hanya ba, ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji wani sanyi a ransa. Ya tambaya ko ana iya rage muryar ta yadda direba kaɗai zai ji. Ta ce ana iyawa, kuma ba ta yi masa zancen abokin nan ba.

Ƙa'idarta ce ba ta barin mai saye ya fita sai ta saka masa gidansa a ciki, domin ko ina ya shiga, maɓalli ɗaya zai danna ta mayar da shi.

"Baba, ina ne gida?"

Ya buɗe baki yana tsoron babu abin da zai fito, sai ga sunan unguwa da layi da lambar gida sun zubo tiryan-tiryan. Daɗi ya kama shi har ya tsaya yana zolayarta, wai ita ma in ta ɓata ta neme shi.

Ya danna maɓallin tun daga ƙofar shago. Muryar ta ce hagu, ya yi hagu, hannunsa ma kan riga ta juyawa. Ya wuce gidan mai, ya wuce makarantar firamare da kantin magani, ko'ina ya san shi. Ya fara tunanin ko ya yi gaggawa ne, wataƙila gajiya ce kawai ta dame shi kwanan nan. Na'urar ta sanar da shi ya iso, ya faka, ya fito da makullin gida.

Makullin ya ƙi shiga. Yana cikin kokawa da shi aka buɗe ƙofar daga ciki, wata mata riƙe da jariri ta dube shi a tsorace, ta tambaye shi wa yake nema. Ya leƙa ta bayanta ya ga kujerun da ba nasu ba, ga bango an sauya masa fenti. A nan ya tuna. Sun sayar da gidan nan tun autarsu tana rarrafe, autar da yanzu take da nata 'ya'yan.

Ya ba matar haƙuri ya koma mota. Ya runtse ido ya nemi gidan da ya kwana a cikinsa jiya, ƙofarsa ko layinsa ko da bishiyar gabansa ce, bai samu komai ba. Ya sake danna maɓallin, muryar ta gaya masa a natse cewa yana gida.

Ya daɗe riƙe da waya, don ya san duk abin da matarsa ta ji, ɗansu zai ji kafin magariba. Daga ƙarshe ya kira.

"Baban yara, ka dawo ne? Abinci na hucewa."

"Maman yara," ya ce, "don Allah faɗa mini, a ina muke zaune yanzu?"